Tankaɗe da rairaya a cikin waya: kundin aikinmu daga Damagaram

Litinin, 13 Janairu 2025

Yau muka karɓi makullin shagon da muka kama a Sabon Gari. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu da benci, sai ƙurar hunturu da muka wuni muna sharewa. Mu uku ne: ni, da abokina da muka yi karatu tare a Jami'ar André Salifou, da ƙanwarsa wadda ta karanta ilimin harsuna. Ba mu raɗa wa manhajar tace saƙonnin waya da za mu gina suna ba tukuna, mun ce sai ta tsaya da ƙafarta.

Asalin aikin daga wayar Innata ya fito. Tana sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin gida, kuma cinikinta duk ya koma WhatsApp. Tana cikin gurup na dangi, na adashi, na Islamiyya, na matan unguwa, na masu kawo kaya daga Kano. Wata rana da yamma ta miƙo mini wayar ta ce: "Ɗan nan, duba mini, wata ta ce ta aiko mini saƙo tun shekaranjiya tana son turmi uku." Na yi ta gangarawa ina wuce hotunan barka da Juma'a, da bidiyon wa'azi, da tallan maganin basir, kafin na tarar da saƙon. Matar ta riga ta saya a wani wuri. Inna ba ta ce komai ba, ta karɓi wayarta ta ajiye a kan tabarma. Abin da muke son ginawa ke nan: rariyar da mai waya zai riƙe da hannunsa, shi zai ce wannan tsaba ce, wannan dusa ce.

Alhamis, 30 Janairu

Mako biyu muka yi muna lissafin ƙofofin da ke buɗe da waɗanda ke rufe. Akwai ƙofar da masu gina manhaja ke bi su ɗebo rubuce-rubuce daga shafukan sada zumunta, ana kiranta API. Ta Twitter a da kyauta ce, har zuwa farkon 2023 da aka sa mata kuɗi: ƙaramin mataki dalar Amurka 100 a wata a lokacin, babban kuwa daga 42,000 yake farawa. Reddit ma ta sa kuɗi a shekarar, abin da ya sa manhajar Apollo, wadda ake karanta Reddit da ita, ta rufe ranar 30 ga Yuni. Meta, mai Facebook, ta rufe CrowdTangle, kayan aikin da masu bincike ke bin abin da ke yaɗuwa a shafukanta da shi, ranar 14 ga Agustan 2024. Shi kuwa jerin labaran da mutum ke gani idan ya buɗe Facebook ko TikTok, babu wata halastacciyar hanya da manhajar waje za ta shiga ta sake masa tsari. Saƙonnin WhatsApp tun 2016 a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kuma hakan alheri ne. Gidajensu ne, su ke da ikon ƙofa.

Abin da ya rage mana kashi biyu ne. Na farko, wuraren da ke buɗe: shafukan jaridu masu RSS (hanyar da manhaja ke ɗebo sababbin labaransu kai tsaye), tashoshin YouTube, tashoshin Telegram na kowa da kowa, da Mastodon da Bluesky, shafukan sada zumunta masu kama da Twitter. Masu rubuta Hausa a biyun ƙarshe ba su taka kara sun karya ba, amma daga Bluesky muka ɗauki darasi: tun watan Mayun 2023 suka bar kowa ya ƙera nasa tsarin jera labarai, wani kuma ya zaɓi wanda yake so ya bi. Na biyu shi ne sanarwar da ke faɗowa a saman waya. Android tana ba manhaja damar karanta waɗannan sanarwa idan mai wayar ya shiga saiti ya ba da izini da kansa. Ta nan za mu ga saƙon gurup yana shigowa, mu tantance shi a cikin wayar, ba tare da ya fita ko'ina ba.

Mun rubuta alkawari ɗaya a jikin bango da alli: saƙon mutum ba ya barin wayarsa.

Asabar, 15 Fabrairu

Wannan makon ne na gane inda aikin yake da gaske. Mun fara da abin da masu bincike suka riga suka tara. Akwai NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin da aka fitar a 2022. Akwai MasakhaNEWS na 2023, labaran jarida da aka rarraba gida-gida, wannan siyasa, wannan wasanni, wannan lafiya. Akwai kuma AfriBERTa, samfurin harshe, wato na'urar kwamfuta da aka koya wa gane rubutu, da aka gina a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2021 kan harsunan Afirka 11, har da Hausa. Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan wahala, da babu su da ba mu san ta ina za mu kama ba. Da muka gwada kan labaran jarida, komai ya tafi daidai. Da muka zuba masa saƙonnin da abokanmu suka yarda suka ba mu daga gurup ɗinsu, sai ya rikice.

Ƙanwarmu ce ta nuna mana dalili. Ta ɗauki alli ta rubuta layi biyu. A sama: "cikin gari akwai shinkafa". A ƙasa: "tchikin gari akoy chinkafa". Mu da muka yi lakwal da Faransanci haka hannunmu ya saba: tch a wurin c, ch a wurin sh, ou a wurin u, dj a wurin j. Mutum zai rubuta "sannou", ya rubuta "Djouma'a", sannan ya rubuta "lahiya" da "tahiya" yadda bakinsa ke faɗa. Na'urar da ta koyi Hausa daga jaridun Kano da Kaduna, idan ta ga "tchiniki" ba ta san ciniki ake nufi ba. Ga kuma Faransanci da ke shiga tsakiyar jumla, wani lokaci da Barbarci ko Larabci a ciki.

Sai muka zauna muka rubuta ƙa'idojin mayar da rubutun zuwa tsari ɗaya kafin a tantance shi. Da farko mun yi gaggawa, muka ce duk "ou" ta koma "u", sai kalmomin Faransanci na ainihi suka lalace, "bonjour" ta zama wata aba da babu ita a kowane harshe. Dole sai an fara gane kalma ta wane harshe ce kafin a taɓa ta. Ƙanwarmu ta buɗe littafi tana tara kalmomi da hannu, kowace da siffofin da aka ga an rubuta ta. Kalmar "gaskiya" kaɗai ta cika layi guda.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa kuma tata daban ce. Kusan babu mai rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a waya. "Baki" na iya zama bakin magana, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo daga tafiya. "Kasa" na iya zama ƙasa, ko kasa kaya a kasuwa, ko gazawa, ko macijiya. Mai karatu ba ya ko tsayawa, jumlar ce ke gaya masa. Ita na'ura sai an nuna mata misali bayan misali.

Laraba, 12 Maris

Azumi. Mun mayar da aiki daga bayan tarawi zuwa kusan sahur, da rana ba a iya komai.

AfriBERTa babba ce ga wayoyin da ke hannun mutanenmu, ƙananan Itel da Tecno da hotuna suka riga suka cika. Dabarar da muka yi: babbar tana zaune a kwamfutar abokina tana taya mu sa wa saƙonni alamar gidan da kowanne zai shiga, mu bi mu gyara da hannu, sannan mu koyar da ƙarama irin fastText wadda waya za ta ɗauka ba tare da batir ya zube ba. Gidajen da muka ware yanzu: ciniki da farashi, sanarwar dangi, labarai, addini, wasanni, talla, da saƙon "tura wa mutum goma".

Wani abu da ba mu hango ba: gurup ɗin da mutum ya sa wa takunkumin shiru ba ya fitar da sanarwa, don haka manhajarmu ba ta ganin komai daga cikinsa. Kuma su ne gurup ɗin da suka fi buƙatar tacewa. Yanzu sai mai waya ya cire takunkumin, mu kuma mu kwashe sanarwar da zarar ta faɗo, mu jera masa ita a wurinmu.

Talata, 8 Afrilu

Bayan salla muka sa wa mutum goma sha biyu manhajar: Inna, da wani Alhaji mai sayen wake da ke bin farashi daga Kasuwar Dole har Maigatari, da malamin makaranta, da ɗan kabu-kabu, da samari biyu daga fadarmu, da kawun abokina, da wasu.

Gardamar da muka yi kwana uku muna yi ita ce: da me za a jera abin da ke sama? Abokina ya ce hanya mafi sauƙi ita ce mu lura da abin da mutum ke yawan buɗewa, mu ƙara masa irinsa. Na ƙi. Hanyar da manyan suka bi ke nan tun da Facebook ta fito da jerin labaranta a 2006, Instagram da Twitter suka bar jerin lokaci zalla a 2016. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamun motsin rai, har da fuskar fushi, ke da nauyin da ya ninka na "ina so" sau biyar a lissafin Facebook. Abin da hannu ke taɓawa ba lallai shi zuciya ke so ba. Ɗaya daga samarin fadarmu da bakinsa ya ce mini bidiyon zage-zage yana ɓata masa rai, amma bai taɓa wuce ɗaya bai kalla ba. Idan muka bi yatsansa, zagin za mu ƙara masa.

Mun tsaya a kan tambayar mutum kai tsaye. Ranar farko manhaja za ta nuna masa gidajen nan, ya ja wanda yake so sama, ya tura wanda ba ya so ƙasa, ya zaɓi mutanen da maganarsu ba ta jira. Alhaji mai wake ya sa farashi da canjin naira a sama, kokowa a biye, domin shi ko tsohon faifan Issaka Issaka ne sai ya sake kallo. Malamin makaranta ya sa labarai. Inna ta ce: "Masu sayen kayana da ƴaƴana, sauran duk su jira ni in gama tuwo."

A ƙarshen watan jiya aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa na Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ƙanwarmu ta ce idan yara suka taso da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, littafinta na kalmomi zai zama kayan tarihi. Kafin nan dai tana ci gaba da cika shi.

Lahadi, 4 Mayu

Zafi ya kai inda ya kai. Wuta tana zuwa tana tafiya, kwamfutar abokina ta mutu sau biyu a tsakiyar koyarwa. Mun haɗa kuɗi mun sayi fanon sola ɗaya da batir na hannu. Ba mu ci gaba da komai ba wannan makon.

Juma'a, 23 Mayu

Na daɗe a zaune kafin in iya rubuta wannan.

Akwai wani sashe da na gina da hannuna, kuma ina alfahari da shi: idan saƙo iri ɗaya ya shigo daga gurup da yawa cikin ɗan lokaci, manhaja tana ɗaukarsa a matsayin saƙon yaɗawa, ta tura shi ƙasa. Da shi muke kama labaran ƙarya da tallan magani da "wanda bai tura ba zai ga abin da zai same shi". WhatsApp ma tun 2019 ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda saboda irin wannan.

Ranar Laraba da asuba wani dattijo ya rasu a Birni, aminin kawun abokina tun suna makarantar allo. Sanarwar ta fita kamar yadda ake yi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sunan mamaci, za a yi jana'iza ƙarfe tara a ƙofar gidansa. Aka tura ta gurup na masallaci, na unguwa, na tsofaffin ma'aikata, na dangi. Wuri huɗu, rubutu ɗaya, cikin mintuna kaɗan. Manhajarmu ta yi abin da na koya mata. Ta kwashe sanarwar, ta kai ta can ƙasa tare da talla. Kawu yana gonarsa ta bayan gari yana sharar damina, ya duba waya ya ga babu komai a sama. Sai bayan azahar ya ji a bakin wani, an riga an dawo daga maƙabarta.

Da daddare muka je gidansa ni da abokina. Yana zaune a kan buzu a zaure, carbi a hannu. Na durƙusa na ce: "Kawu, laifina ne, ni na rubuta abin da ya ɓoye maka saƙon. Ka yafe mini." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Sannan ya ce: "Ɗana, Allah bai rubuta zan sallace shi ba. Na yafe maka. Amma ka gaya mini, wa ya gaya wa abin naku cewa maganar da mutane da yawa suka faɗa ba ta da amfani? A garin nan, in ka ji magana a baki huɗu da safe, ai mutuwa ce ko gobara." Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙo mini ya ce in cire masa ita tukuna. Na cire a gabansa.

Na yi wata huɗu ina duba yadda ake rubuta kalma, ban tsaya na duba yadda labari ke tafiya a cikin gari ba. Na ɗauko tunanin cewa maimaici alamar shara ce, ban auna shi da rayuwar mutanen da nake zaune a cikinsu ba, alhali ni ma ta haka nake jin rasuwa.

Jiya da yau ba mu yi wani aiki ba sai wannan. Mun kira sauran mutum goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, mun gaya musu abin da ya faru. Biyu sun ce a cire musu, mun cire. Sannan muka sauya ginin daga tushe. Akwai saƙonnin da ba za su taɓa sauka ƙasa ba ko me mai waya ya zaɓa: rasuwa da jana'iza, haihuwa da suna, ɓatan yaro, neman jini a asibiti, gobara, hatsari. Idan na'ura tana kokwanto, sama za ta kai, gara mutum ya ga abin da bai nema ba. Maimaici shi kaɗai ya daina zama hujja. Kuma duk abin da aka tura ƙasa, za a rubuta dalili a gefensa da Hausa: "an sauke shi domin ka ce ba ka son talla". A saman fuskar manhaja kullum za a ga adadin abin da ke jira a ƙasa, kada wani ya sake duba waya ya zaci babu komai.

Ƙanwarmu ta buɗe sabon shafi a littafinta na yadda ake sanar da rasuwa. "Allah ya yi wa wane rasuwa", "wane ya riga mu gidan gaskiya", "an yi mana rashi", "wane ya cika", "Allah ya jiƙan", da na Faransanci, da na Larabci da harufan boko iri-iri.

Litinin, 16 Yuni

Saƙon murya, wanda a nan muke ce wa bokal. Rabin abin da ke shigo wa Inna da Alhaji shi ne, kuma sanarwa ba ta nuna komai sai sunan mai aikawa da tsawon maganar. Akwai samfuran mayar da magana rubutu da suka haɗa da Hausa: Whisper da ta fito a 2022, da MMS ta 2023 mai harsuna sama da 1,100, wadda aka koyar da babban ɓangarenta da karatun littattafan addini da aka naɗa. Muryoyin Hausa da ke Common Voice, rumbun muryoyin da masu sa kai ke naɗawa, su ma karatu ne, mutum na duba jumla yana faɗa a tsanake. Bokal ɗin ranar Alhamis a Kasuwar Dole kuwa, ga kukan babur, ga mai amalanke yana "hanya, hanya", ga mai magana yana haɗa farashi da dala da jaka da naira a numfashi ɗaya. Kuma waɗannan samfura ba sa shiga ƙaramar waya, sai an aika muryar waje, alkawarin da ke jikin bango kuma ya hana. Mun ajiye wannan. A yanzu bokal ana jera shi ne bisa wanda ya aiko, kuma ba ya sauka ƙasa idan daga dangi yake.

Wani mutum ya zo shago ranar Asabar, ya ji labarinmu a fada. Bayan gaisuwa ya ce yana son a sa wa wayar maiɗakinsa, amma a yi yadda shi zai zaɓi abin da za ta gani, kuma kwafi ya riƙa zuwa masa. Ya ce zai biya ko nawa ne. Na ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba ma yi. Mai waya shi ke riƙe da rariyarsa." Ya ce ai shi ya sayi wayar. Na ce duk da haka. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, amma ko babu doka ba zan gina abin leƙen asiri a cikin gidan aure ba. Bayan tafiyarsa muka ƙara abu ɗaya: muddin manhaja na aiki, alamarta tana nan a saman waya, ba a iya ɓoye ta.

Alhamis, 10 Yuli

An yi ruwa mai kyau daren jiya, rezo ya ɗauke har wayewar gari, manhaja kuwa ta ci gaba da aikinta tunda a cikin waya take yinsa.

Masu gwaji yanzu sun kai talatin. Ba ta kantin intanet suke samu ba: mun kai wa wani mai cajin waya da tura finafinai a bakin tasha, shi ke tura wa mutane ta Xender, ya nuna musu inda ake ba da izini. Maganar kuɗi ba mu gama ba. Talla ba za mu sa ba, tunda ita muka zo ragewa. Alhaji mai wake ya ce zai iya ba da jaka guda a wata idan muka ware masa farashin gero da wake da albasa a shafi ɗaya, kowanne da kasuwarsa da ranarsa. Abokina ya fara wannan, sai dai har yanzu na'ura tana ruɗewa tsakanin farashin tiya da na buhu idan mai saƙo bai faɗa ba.

Inna ta sayar da turmi biyar a makon nan ta saƙonnin da ta gani a kan lokaci. Kawu bai ce a mayar masa ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ranar Talata dai ya aiko yaro da takarda, ya rubuto da ajami hanyoyi uku na sanar da rasuwa da tsofaffin Birni ke faɗa, waɗanda babu su a littafinmu. Ƙanwarmu ta shigar da biyu. Na ukun akwai kalmar da ba mu iya karantawa ba, gobe bayan sallar Juma'a zan je ya karanta mini.